Abin da Hassana Ta Je Nema a Siton Idu

A daminar nan da muke ciki 'yar'uwata Hassana ta cika shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa. Ba ni na tuna ba. Mahaifiyarmu ce ta kira ni daga Zariya da hantsi ta ce, "Usaina, bana talatin ke nan fa." Na ce, "Haka ne, Inna." Can ta tambaye ni ko ana samun ruwa a Abuja, na ce ana samu. Muka yi sallama, na ajiye wayar na ci gaba da yankan alayyahon da ke gabana.

Mu tagwaye ne, amma ba mu yi kama ba. Ita ta riga ni zuwa duniya, ita ce siririya, ita ce mai kaifin kai, ita ce kuma aka haifa da ciwon sikila. Ni lafiya ƙalau na taso, ko zazzaɓi bai cika kwantar da ni ba. Mutane sukan tambaye ni yadda mutum yake ji idan ɗan tagwayensa ya tafi ya bar shi, suna jiran in ce kamar an yanke mini hannu. Ba haka na ji ba. Abin ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta har ta sage. Tana nan, ana takawa da ita, ana zuwa kasuwa ana dawowa, amma ba a jin ƙasa.

A Legas muka yi ƙuruciya, domin Baba ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya. Da gwamnati ta ɗauke kujerarta ta dawo da ita Abuja, mu ma aka loda mana kujerunmu da katifu a babbar mota muka biyo ta. Aka ba mu gida a Garki, bango na warin fenti, taga ɗaya ko gilashi ba a sa mata ba. Garin a lokacin rabinsa gini ne, rabinsa ciyawa. Tituna faɗaɗa, sai ka daɗe tsaye ba ka ga mota ta gitta ba. Makarantar sakandaren da aka sa mu ita ma sabuwa ce, kuma kowa a cikinta baƙo ne: 'ya'yan ma'aikatan da aka kwaso daga Legas irinmu, 'ya'yan 'yan kasuwar Kano da Katsina da suka biyo ciniki, da yaran ƙauyukan da garin ya zo ya tarar.

Malamin lissafinmu sunansa Malam Danladi, mutumin Kwali ne. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, ba ya rarrabe mace da namiji a magana, kowa "kai" ne a wurinsa. Muna ajin kusa da na ƙarshe ya ba mu aikin bincike. Ya ce mu kasu biyu-biyu, kowace ƙungiya ta zaɓi tambaya guda, ta nemo alƙaluman da gwamnati ta tattara a kan batun, ta auna su, ta zana su. "Kada wani ya kawo mini abin da kakansa ya ce," in ji shi. "Ku je ku ga abin da gwamnati ya rubuta. Sannan ku dawo ku gaya mini ko ya amsa tambayarku." Wasu suka ɗauki farashin doya, wasu yawan ɗalibai a makarantu. Ni na so mu ɗauki ruwan sama, don na san ba zai ba mu wahala ba.

Muna cin tuwo Hassana ta faɗi abin da ta zaɓa. Ta ce tana so ta san masu sikila nawa ne a ƙasar nan, kuma shekara nawa suke kaiwa a duniya.

Inna ta ajiye ludayi. "Ba a gidan nan ba. Rai na Allah ne."

"Na san na Allah ne, Inna," in ji Hassana. "Amma likita ya san wani abu, Baba ma ya sani. Duk ranar da muka je asibiti sai a ce in jira a benci, ku ku shiga ku rufe ƙofa. Ni ce mai ciwon, ni kaɗai ce ba a gaya wa komai."

Ba wannan kaɗai ke cin ta ba. Wata gwaggonmu ta taɓa cewa a gabanta, tana zaton barci take yi, irin waɗannan yara ba a sa musu rai. Muna ƙanana sosai a lokacin, amma Hassana ba ta manta ba, ni ma ban manta ba. Baba ya daɗe yana kallon kwanonsa. Daga baya ya wanke hannu ya ce ranar Asabar mu shirya.

A ofishin da ke kula da ƙididdiga an riga an gaya masa cewa littattafan ba su iso ofishin ba tukuna. Rabin ma'aikatan ma suna Legas ba su taso ba. An dai kwaso takardu an jibge a wani sito wajen Idu. Wanda ya san Idu ta yau, da masana'antu da tashar jirgin ƙasa, ba zai gane wurin da nake nufi ba. Jar hanya ce ta ratsa cikin daji, sai wasu dogayen rumfunan kwano jefi-jefi. Mai kula da siton wani Bayarabe ne mai fara'a, yana ta kiran Baba oga. Ya buɗe mana ƙofa, zafi ya bugo mu tare da warin jiƙaƙƙiyar takarda. Katan-katan ne har kusa da rufi, wasu ruwa ya yoyo a kansu sun kumbura, wasu an rubuta musu suna a gefe, wasu ba komai.

Ni ke hawa ina sauko da su, Hassana na zaune a kan guda tana buɗewa, domin jikinta ba ya son ɗaga abu mai nauyi. Mun yi Asabar da dama muna zuwa. Mun ga lissafin shanu, na tantabaru ma ina jin mun gani, mun ga na jiragen ruwan da suka sauke kaya, kafin mu kai ga littattafan lafiya. Da muka same su ta goge hannunta a jikin siket ta buɗe a hankali. Jadawali ne shafi bayan shafi. Zazzaɓin cizon sauro da layinsa, ƙyanda da layinta, gudawa, tarin fuka, tarin shiƙa, kowanne da nasa. Ta bi da yatsa tun daga sama har ƙasa. A can ƙarshe akwai layi guda da aka rubuta wa "sauran cututtuka". Ta koma sama ta sake bi. Ta buɗe littafin wata shekarar, haka. Sannan ta nemi gurbin Abuja a cikin jerin jihohi, ta tarar yawancinsa ɗan gajeren layi ne kawai aka ja a maimakon lamba, saboda yankin sabo ne, ba a fara tattara nasa sosai ba.

Sai ta yi dariya. "Usaina, zo ki gani. Ba ni a layi, ba ni a gari."

Na ce mata to mu koma kan ruwan sama, tun lokaci bai ƙure ba. Ba ta ko ɗago ba. Ranar Litinin ta kai wa Malam Danladi littafin ta nuna masa. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya dube ta. A duk makarantar shi kaɗai ya san ciwonta, shi da shugaban makaranta. "To," ya ce, "tambayarka ya canja ke nan. Ba ka sami abin da ka je nema ba. Yanzu sai ka auna mana girman wurin da aka ɓoye shi."

Abin da muka yi ke nan. Ta ɗauki layin "sauran cututtuka" jiha-jiha, shekara-shekara, tana fitar da kashi nawa ne cikin ɗari na duk marasa lafiyar da aka rubuta. Da kalkuletar ofishin Baba take aiki. Ni ke zane a takarda mai gida-gida, domin yatsunta sukan yi ciwo idan ta daɗe riƙe da rula. A wasu wuraren cikin zanen, sandar "sauran" ta fi ta cututtukan da aka ambata da suna tsawo. Ita ce kuma ta lura da ɗan rubutun da ke ƙasan shafi, wanda ni ban ko kula da shi ba, cewa alƙaluman daga asibitocin da suka aiko da rahoto aka samo su. Wanda ya yi jinya a gida, ko ya rasu a hanya, ko asibitinsu bai aiko da komai ba, ba ya ciki ko a layin sauran. A ƙarshen aikin ta rubuta cewa littafin bai yi ƙarya ba, amma ba a yi masa tambayarta ba, don haka bai amsa ba.

Ranar da aka gabatar da ayyuka a zauren makaranta, ni ke riƙe da zanen, ita ke bayani. Ta kusa gamawa wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, wai su wane ne a cikin sauran nan da take ta nanatawa? Hassana ta ce, "Ni." Ta ce tana da sikila. Har ranar nan 'yan ajinmu sun ɗauka zazzaɓi ne ke yawan hana ta zuwa makaranta, mu kuma mun bar su a haka, don Inna ba ta so a sani. Hassana ta juyo ta ce mini in ɗaga zane na gaba, na ɗaga. Abin da na fi tunawa shi ne hannuna ya gaji.

Ba mu muka ci kyauta ba. Malaman da suka yi alƙalanci sun ba masu farashin doya, don zanensu da launi, kuma sun kawo amsa. Malam Danladi bai ji daɗi ba, Hassana ko a jikinta. Da muka koma gida Inna ta tare ta a ƙofar kicin.

"Kin sami abin da kika je nema?"

"Ban samu ba, Inna."

"Alhamdulillahi," in ji Inna, ta juya ta koma ciki.

Da muna wanki a bayan gida Hassana ta ce da ni, da ta sami lamba a littafin nan da yanzu tana ƙirga kwanakinta. Tunda babu, jami'a za ta nema, kuma ƙididdiga za ta karanta. A ƙarshen zangon nan aka canja wa Malam Danladi wurin aiki, aka mayar da shi wata makaranta can wajen garinsu. Lokacin ba wayar hannu, wanda ya tafi ya tafi ke nan.

Mun gama jarrabawar fita a shekarar da ta biyo. Ruwa ya kama mu a hanyar dawowa daga kasuwa, irin ruwan Abuja da ke zuwa ba sallama, ba kuma wurin fakewa a wancan fili. Washegari ta tashi da ciwon ƙirji. Mun saba, mun ɗauka irin na kullum ne. A asibiti aka ce sai an ƙara mata jini. Baba ya faɗa a masallacin unguwa, 'yan kasuwar Katsina da ke da shaguna a layinmu suka rufe shagunansu suka zo suka yi layi. An ƙara mata, bai hana ba. Bayan la'asar Hassana ta cika, ina tsaye a gefen gado riƙe da fulas ɗin ruwan zafi. Na nemi wuri na ajiye fulas ɗin a hankali don kada ya zube. Na ga ma'aikaciyar jinya tana rubutu, ban leƙa in ga a wane layi ta sa ta ba.

Ban yi kuka ba. Mata suka cika gida suna satar kallona, wasu na cewa tawakkali ne, wasu na cewa a bar ni zai zo daga baya. Ni kaina na jira shi. Sakamakon jarrabawarmu ya fito bayan an yi arba'in, ta fi ni a lissafi kamar yadda ta saba. Na tafi jami'a ni kaɗai. Da wani da nake so ya nemi aurena, na ce sai mun yi gwajin jini, abin da mutane ba su saba ji ba a lokacin. Sakamakon ya nuna ni da shi duk muna ɗauke da ƙwayar ciwon. A bakin ƙofar asibitin na ce masa ba zai yiwu ba, da muryar da ake tambayar farashin tumatir. Ya ce ba ni da zuciya. Ban musa ba. Daga baya na auri wani, muna da 'ya'ya, lafiyarsu ƙalau.

Autata Fa'iza ita ma makarantarsu ta ba su irin wannan aiki bara. Tana kwance a doguwar kujera da waya a hannu ta sauko da jadawalin hukuma kafin shinkafa ta nuna. Ba sito, ba katan, ba wanda zai hau ya sauko mata da komai. Na ce ta duba mini sikila. Amsoshi suka fito da yawa, na gwamnati da na wasu, wannan na faɗin kaza, wancan na faɗin wani abu daban. Ta ce, "Mami, wanne zan ɗauka?" Na ce ban sani ba. Na karɓi wayar na kalla, na mayar mata. Abin da yarinya ta yi ta haɗiye ƙurar takarda tana nema ga shi a tafin hannuna, na duba kamar mai duba sanarwar da aka manna a ofishin wasu.

Nakan tambayi kaina me Hassana za ta ce da wannan zamani. Ina jin za ta ji daɗin yadda yanzu ake kiran ciwon da sunansa a rediyo, iyaye na tura 'ya'yansu gwaji kafin a ɗaura aure, ba wanda ya ce an yi rashin kunya. Ina jin kuma ba za ta yarda da saurin nan ba. Za ta sa Fa'iza ta gangara can ƙasan shafi ta karanta ƙananan rubutun. Garin nan kuwa ba za ta gane shi ba. Filin da ruwa ya jiƙa mu yanzu benaye ne. Makabartar da aka kai ta, wadda a lokacin ana iya ƙirga kaburburanta daga bakin ƙofa, ta cika har an ƙara mata fili. Baba ne ya san gurbin kabarin daidai, shi ma ya rasu. Zane-zanenmu sun ɓace a wata ƙaura da muka yi. Da na zauna in auna abin da ya rage mini nata, ban ga abin kirki ba.

Farkon daminar nan na je Kwali gaisuwar rasuwa gidan wata abokiyar aikina. A hanyar dawowa na tsaya wajen masu tukwane in saya wa Inna randa. Wani dattijo da sanda yana zaune a benci yana yi wa mai tukwanen gardama a kan lissafin canji. Muryar na fara ganewa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa sunana da makarantar. Ya daɗe yana kallona, sai fuskarsa ta washe.

"Tagwaye! Kai ne mai zane. Ina ɗan'uwanka? Ina Hassana?"

Bai jira amsa ba. Ya ce ya yi ritaya tuntuni, amma har yanzu yara na zuwa gidansa da yamma yana koya musu lissafi. Ya ce tun da ya bar makarantarmu babu ajin da ya koyar bai ba su labarin Hassana ba, yarinyar da ta je neman kanta a littafin gwamnati ba ta samu ba, ta auna ramin. "Ina ce musu yanzu yana can babban ofis a Abuja, shi ke gyara littattafan. Ya kai darakta ko?"

Na yi tunanin in ce eh. Ba abin da zai rage shi da shi, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. A cikin kan wannan tsoho Hassana ta gama jami'a, ta kama aiki, an yi mata ƙarin girma, wataƙila ma ta yi furfura. Shekarun da ba ta samu ba duk ya ba ta, bai sani ba.

Na ce, "Malam, Hassana ta rasu."

"Yaushe?"

"Shekarar da muka gama."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sai hawaye, irin na tsofaffi, ba sauti. Mai tukwanen ta daina abin da take yi. A wurinsa a ranar nan Hassana ta mutu, a bakin titin Kwali, tsakanin randuna. Ni da na zo masa da labarin ina tsaye a kansa ina ba shi haƙuri, kamar 'yar'uwarsa ce ba tawa ba. Na miƙa masa ruwan da ke jakata, ya sha, ya goge fuska da hannun riga.

Da zan tafi ya riƙe sandarsa ya miƙe da ƙyar. "Yau ma yara za su zo," ya ce. "Zan ba su labarinsa. Ƙarshen kawai zan gyara."

Na sa randar a bayan mota na kama hanya. Kafin in kai Gwagwalada na gangara gefen titi na kashe mota. Kukan bai zo ba. Amma na kira sunanta a fili, yadda nake kiranta daga wani ɗaki idan abinci ya sauka, na kuma zauna na ɗan jira kafin in tayar da motar.

Allah ya jiƙan Hassana, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya haskaka inda take kwance, ko da mu mun kasa gane wurin.